Ɓarɓashin Tsohon Ganye

Ranar da faifan shayin Yaya ya ɓace, ina kan keken ɗinki matarsa ta kira ni tana haki, wai in zo maza, Yaya yana watso kayan Auta tsakar gida. Ko tef ɗin awo ban tsaya cirewa daga wuyana ba.

Na tarar maƙwabta sun cika ƙofar gida, bakinsu ya zo ɗaya. Wannan ya ce ai daman, wancan ya ce shi bai yi mamaki ba. Wata mata da ban taɓa gani ba har da cewa ita tun tuni ta ga abin a idon yaron. Yaro! Mutum da furfura a gemu. Na ce mata ta je ta duba girkinta kada ya ƙone, na ture su na shige.

Mu uku iyayenmu suka bari. Yaya ne babba, injiniyan ruwa, sai ni, sai Auta. Auta ya taɓa faɗawa shaye-shaye har ya ɗauke babur ɗin Yaya ya sayar. Kowa ya san wannan, shi ma bai taɓa musawa ba. Amma ya daɗe da dainawa. Yana kanikanci a gareji, yana kwana a ɗakin baya na gidan Yaya, yana cin abinci da yaran gidan. Wannan ɗakin ne ya riƙe shi, ni na sani, don ni na yi jinyarsa. Tsorona ɗaya ne: in ya fita ya zauna shi kaɗai, kada ya koma inda ya fito.

Shi kuwa abin da ya ɓace, in ba a gidanmu ba wa zai yarda ana korar mutum a kansa? Ganyen shayi ne na ƙasar Sin, wanda ake dannewa ya zama faifai, a naɗe shi a takarda a ajiye. Ba ya lalacewa, yana ƙara nuna ne da shekaru. Yaya yana kiransa da wani suna mai kama da fu'a, mu dai tsohon ganye muke cewa. Ya ware masa ɗaki guda da kabad na katako, kullum da safe sai ya duba ma'aunin danshi kafin ya duba fuskar matarsa. Faifan da ya ɓace shi ne mafi tsufa. Ya sayo shi tun yana saurayi, a wata tafiyar aiki, kuma ba a taɓa fasa shi ba. A zaman da suka yi na Asabar ɗin da ta wuce ne ya gaya wa abokan shansa cewa Asabar mai zuwa zai fasa.

Auta yana tsaye jikin bango, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Bai ce komai ba sai, "Yaya, ban ɗauka ba."

"Haka ka ce lokacin babur," in ji Yaya.

Na shiga tsakaninsu. Na yi faɗa, na yi roƙo, na sake yin faɗa. Da ƙyar Yaya ya yarda a bar Auta zuwa Asabar. Ya ce in faifai bai fito ba, Auta zai fita.

Na ce zai fito, duk da ban san ta ina ba.

* * *

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne. Ya ƙare aikinsa a gandun daji yana bin sawun ɓarayin namun dawa, har yanzu tsofaffin abokan aikinsa Mai Sawu suke kiransa. Na same shi yana ɗaure wa kajinsa raga.

"Barkono," ya ce, don haka yake kirana tun ina ƙarama, "wa kika cinye yau?"

Na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ganye? A kan ganye ɗan'uwanki zai kori ƙaninsa?"

"Kawu, ba wasa na zo yi ba."

"Na ga alama. An share ɗakin?"

"Yaya ba ya barin kowa ya share shi."

"Madalla. Karon farko ke nan da taurin kansa ya yi amfani." Ya wanke hannu ya ɗauko hularsa.

* * *

Yaya bai so zuwan Kawu ba, amma ba shi da bakin hana shi. Shi da kansa ya ja mu bayan gida, gindin tagar ɗakin shayi, ya nuna ƙasa. Sawun takalmin Auta ne raɗau, irin mai ƙarfe a baki da kanikawa ke sawa.

Kawu ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Injiniya, mai haura taga ina yake fuskanta?"

"Taga mana."

"To wannan ya ba ta baya. Dubi dunduniya yadda ta nutse, yatsu kuwa da ƙyar suka taɓa ƙasa. Jingina ya yi da bango, kuma ba sau ɗaya ba." Ya tona ƙasa da ɗan yatsa, sai ga guntayen sigari an binne. "Ga laifin ƙaninka. Yana ɓuya ya sha taba don kada ka ji wari."

Yaya ya ce wannan bai wanke kowa ba, ai akwai ƙofa. Kawu ya ce gaskiya ne, mu je ƙofar.

Ɗakin shayi ba shi da komai sai tebur gajere, tabarma, kabad, da agogon bango. Wani ƙamshi yake yi kamar ƙasa bayan ruwan farko. Kawu ya hana mu wuce bakin ƙofa. Ya buɗe kabad ya tambayi inda faifan yake zama. Yaya ya ce a can ƙasa, da wasu shida a kansa.

"Ke nan sai an ɗaga waɗannan." Kawu ya ɗauki na sama ya kai hanci. "Takardar nan tana ɗaukar wari?"

Nan fa aka taɓo wa Yaya inda yake so. Ya manta da fushi ya shiga bayani: ganyen nan yana shan duk warin da ya kusance shi, shi ya sa ba a shiga da turare, ba a taɓa shi da hannun sabulu. Kawu ya shinshina faifan ɗaya bayan ɗaya. Babu warin baƙin mai, babu tabo. An kuma mayar da su a jere, bakin naɗin yana kallon ƙasa, yadda Yaya ke ajiyewa.

"Sai ya wanke hannu," in ji Yaya. "Ya ga yadda nake jerawa."

Kawu bai yi gardama ba. Ya kwanta rubda ciki, tsoho da shi, ya haska kantar ƙasa da fitilar wayata. Ya ce in zo in gani. A sauran kantocin, gefen kowane faifai akwai ɗan ɓarɓashin ganye da ya zubo ta bakin takarda. A inda tsohon faifan ya zauna kuwa babu ko ƙwaya. Katakon tas, sai wasu siraran layuka a cikin ƙura, duk sun tattaru zuwa kusurwa ɗaya.

"Tsohon faifai ba ya zubar da ɓarɓashi?" ya tambaya.

"Ya fi kowanne zubarwa. Gefensa ya saki."

"Kai ka share?"

"A'a."

"In kun share, ina kuke zubarwa?"

Yaya ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Zubarwa? Kawu, ai ba a zubarwa. Da buroshi ake tattarawa." Ya nuna wani gwangwani a saman kabad, ya ce duk ɓarɓashin faya-fayansa a nan yake haɗuwa, in ya taru a dafa. Kawu ya duba murfin gwangwanin. Ƙura ta kwanta a kai, ba yatsan da ya taɓa ta.

"Ku duka kuna da irin buroshin?"

"Duk mai shan wannan ganye yana da shi."

Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga. Muka fito waje. A nan ya ce min, "Barkono, na bi sawun ɓarayi da yawa. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya yin shara ba."

* * *

Matar Yaya, wadda muke kira Anti, ta ce ranar da Yaya ya yi tafiyar yini, dab da ɓacewar faifan, duk abokan shansa uku sun zo gidan, kowa da lokacinsa. Ba sabon abu ba ne, ɗakin ba a kulle shi da rana, su kuwa sun zama 'yan gida. Likitan haƙori ya zo karɓar wani abu nasa. Malama, tsohuwar shugabar makaranta, ta zo aron sikeli. Mai Agogo ya zo gyara agogon bango da ke latti. Sai ta rage murya ta ce ta ga Likita ya fita da wani abu zagayayye a naɗe cikin takarda.

"Shi ne ba ki faɗa ba tun jiya?" na ce.

"Wa zai ji ni? Yayanki ya riga ya yanke hukunci."

Muka nufi asibitin Likita. Ya fito mana da farar riga, yana ƙamshin kanumfari tun daga nesa. Mutum ne mai fara'a da yawan magana. Bai ɓoye ba, ya ce ya sha roƙon Yaya ya gutsura masa ko gefe ne, ya ba shi faya-fayai uku a madadi, Yaya ya ƙi. Ni har na fara ɗaura ɗamara.

"Me ka fita da shi a takarda?" na tambaya, ban jira Kawu ba.

Ya kwashe da dariya, ya jawo aljihun tebur. Tiren katako ne zagayayye, wanda ake ɗora buta a kai. Nasa ne, ya bari a gidan Yaya. Kunya ta kama ni, amma ban nuna ba.

"Ni abin da ke hana ni barci," in ji Likita, "inda aka ajiye shi. In yana gareji kusa da fetur, wallahi an kashe shi."

A hanya Kawu ya ce hannun mutumin nan ko ya wanke da toka, takarda sai ta yi kanumfari. Na ce to saura biyu.

Malama tana ba shukokinta ruwa muka isa. Mace ce da ba ta tauna magana, har yanzu in ta kalle ka sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba. Anti ta ce ita ta fi kowa daɗewa a ɗakin. Da Kawu ya tambaye ta, ta ce, "Na daɗe mana. Na buɗe kabad ɗin ma, na shinshina. Na sha gaya wa Injiniya danshin nan ya yi yawa, fumfuna zai jawo. Ba ya ji."

"Kin ga tsohon faifan?"

"Na ga gefensa a ƙasa. Ban ɗaga ba. Ni fa ban yarda da wannan zuzutawar ba. Tsufa kaɗai ba ya sa abu ya yi daɗi, da ni na fi kowa daɗi a unguwar nan. Amma dai duk wanda ya ɗauka, in ya sa shi a leda ya toshe, ya cuci ganye." Ta juyo gare ni. "Ƙaninki fa? Yana cin abinci?"

Na ce da ƙyar. Ta ce in gaya masa ita ba ta yarda shi ya ɗauka ba.

Shagon Mai Agogo ɗan tsukuku ne, ko'ina ƙaf-ƙaf. Shi ne babban aminin Yaya, shi ya koya masa ajiyar ganye tun farko, yaran gidan Baba suke ce masa. Ni ban ma so mu je ba, na ce ɓata lokaci ne. Ya tarbe mu da gilashin gyara a ido ɗaya, ya ba Kawu kujerarsa. Ya ce e, ya gyara agogon, bai daɗe ba. Kawu ya tambaye shi me ya ji da Yaya ya ce zai fasa faifan.

Ya juya wani ɗan ƙarfe a hannunsa. "Nasa ne," ya ce. "Amma irin wannan ganye ba a yi masa gaggawa."

Muka ɗan zauna, ya tambayi lafiyar kajin Kawu, muka tashi.

* * *

Da yamma na biya gareji. Auta yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani. Na ce masa muna kan hanya. Ya ce in daina wahalar da kaina, ya riga ya yi magana da mai garejin, akwai wani ɗaki a baya inda ake tara tsofaffin tayoyi. Na san ɗakin. Na san su wa ke taruwa a bayansa in an tashi aiki. Na ce masa in ya ƙara ambata wannan ɗakin sai na ja shi ta ƙafa na fito da shi. Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Na koma wurin Kawu a fusace. "Gobe Asabar. Mun yi yawo, mun sha rana, me muka samo?"

"Zauna, Barkono. Wanda ya share kantar nan bai zuba a gwangwani ba, bai zubar a ƙasa ba. Ina ya kai?"

"Ya tafi da shi."

"Ya yi me da shi? Faifan dai ba zai iya fasawa ba, in mai son ganye ne. Amma ga ɗan ɓarɓashi a tafin hannunsa, na abin da ya yi shekaru yana kallo ta bayan takarda."

Na ce, "Ya dafa."

"Ya dafa. Ke nan a duniyar nan mutum ɗaya ne ya san ɗanɗanon faifan a yau. Ko Injiniya bai sani ba." Ya gyara zama. "Gobe da safe ki ce wa Anti ta ɗebo min cokali ɗaya daga gwangwanin nan na saman kabad. Kada yayanki ya gani."

"Wa kake zargi?"

"Ina da zato. Amma zato ba ya mayar da mutum ɗakinsa."

* * *

Asabar suka hallara kamar yadda suka saba, sai dai babu mai fara'a. Yaya ya so soke zaman, Kawu ya hana. Na tilasta wa Auta ya zo, ya zauna a bakin ƙofa don kayansa na warin mai. Jakarsa tana ɗaure a tsakar gida.

Kawu ya fito da 'yar takarda a ninke ya ajiye a tebur. Ya ce faifai dai bai same shi ba, amma ya sami ɗan ɓarɓashinsa a tsagar katako ta can baya. Ya ce tunda an yi niyyar sha yau, ko wannan ne a ɗanɗana, kada shekarun su tafi a banza.

Yaya ya karɓa a hankali. Wallahi sai da na ji tausayinsa, na kusa tona asiri. Ya ɗumama ƙaramar butar ƙasa, ya zuba ganyen, ya kwarara tafasasshen ruwa ya zubar da shi nan take. Wannan wankin ganye ne, ba a sha. Ya sake zubawa, ya ɗan jira, ya rarraba a finjalai. Ruwan ya fito ja mai duhu. Kowa ya ɗauka da hannu biyu.

Likita ne ya fara magana. Ya lumshe ido ya ce yana jin tsohon katako, yana jin wani abu kamar dabino. Ya ce a bari a ga jiƙo na biyu. Mai Agogo ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, yana kallon tabarma. Yaya kuwa ya riƙe a baki ya daɗe bai haɗiye ba, fuskarsa tana neman abin da ba ta samu ba.

Aka zuba na biyu. Malama ta kurɓa, ta tsotsi harshe, ta dire finjalin.

"Ni dai ba zan yi muku kara ba. Bauri gare shi kamar ɗanyen ganye. Ba zaƙi a maƙogwaro, ba komai. Injiniya, ka yi haƙuri, ajiyarka ta kashe shi. Ko kuma tun farko cutarka aka yi. Shekara da shekaru kana gadin ciyawa."

Likita ya ce ai ba a ce haka ba, amma dai shi ma ya zaci zai fi haka. Yaya ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin yayana ya ƙanƙance haka ba. Ya ce a hankali, "Ashe ɓarawon bai tafi da komai ba."

"Kawu ma ya sha wahalar banza," in ji Malama. "Da an sani da an bar wa ɓarawo kayansa ya yi taki."

"Wannan ba shi ba ne!"

Mai Agogo ne. Ya daki tebur har finjalai suka yi tsalle, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Ba shi ba ne! Wannan tarkacen gwangwani ne. Wancan ba shi da bauri ko kaɗan. Laushi gare shi kamar mai, da ƙamshin kafur a ƙarshe, in ka haɗiye sai wani sanyi ya taso maka daga maƙogwaro ya zauna har rabin yini. Ciyawa? Malama, ki ji tsoron Allah! Injiniya, ajiyarka ba ta da aibi, kada ka saurare su. Saura masa 'yan shekaru kawai ya—"

Ya tsaya. Agogon bangon da ya gyara yana ta bugawa.

"A ina ka sha?" in ji Kawu, muryarsa ƙasa ƙasa.

Mai Agogo ya cire gilashinsa ya rufe fuska da tafin hannu.

Ya ce faifan yana shagonsa, a akwatin katako, ko takardar bai buɗe ba. Ya ce ba don sayarwa ba, ba don kansa ba. Tun ranar da Yaya ya ce zai fasa ya kasa sukuni, don ya san bai gama nuna ba, kuma in an soka masa tsinken fasawa an gama. Ya yi niyyar ɓoye shi har lokacinsa ya yi, sannan ya dawo da shi. Ɓarɓashin kuwa bai ma san ya share ba, hannu ne ya saba.

Kawu ya ce shi tun a shago ya ji wani iri. Likita da Malama kowa ya damu da inda ganyen yake kwana, Mai Agogo kaɗai ne bai damu ba.

Ni a lokacin idona ya rufe. Na ce, "Baba, duk wannan na ji. Amma kana sane ana watsa kayan Auta waje? Kana sane yau zai bar gidan nan?"

"Na ɗauka faɗan 'yan'uwa ne, zai wuce."

"Ka ji tausayin ganye kada a fasa shi, mutum kuwa ko oho!"

Malama ta tashi ta ɗauki jakarta, ta ce wa Mai Agogo ya je ya ɗauko kayan mutane yanzu, ita za ta raka shi don kada hannunsa ya sake sabawa.

* * *

Da muka waiwaya bakin ƙofa, Auta ba ya nan. Yana tsakar gida ya rataya jakarsa. Yaya ya fita da gudu ba takalmi, ya riƙe masa hannu, baƙin man da komai.

"Auta, na zalunce ka. Ka yafe min. Mayar da jakar nan."

"Na yafe maka, Yaya."

"To mayar."

Auta ya girgiza kai. Ba fushi a fuskarsa, shi ya fi ba ni tsoro. Ya ce, "Ganyen nan tun kana saurayi kake haƙuri da shi, kullum kana duba lafiyarsa, kana cewa zai gyaru. Ni na ce maka ban ɗauka ba, ko zama ba ka yi ba ka tambaye ni. In na zauna, ranar da cokali ya ɓace ma ni ne."

Na yi kuka, na yi masifa, na tare ƙofa. Kawu ne ya janye ni, ya ce in bar shi, namiji ne ya yanke shawara. Amma ya karɓi jakar daga kafaɗar Auta ya rataya a tasa, ya ce ɗakin tayoyi dai ba zai kwana ba. Akwai ɗaki a gidansa kusa da kaji, in zai iya da carar zakara. Auta ya bi shi.

An dawo da faifan a ranar. Yana ƙasan kabad, ba a fasa ba, Yaya bai ƙara zancensa ba. Mai Agogo ya daina zuwa. Ɗakin baya kuwa Yaya ya hana a sa komai a ciki, Anti tana share shi tana canja zanin gado.

Zaman Asabar ma ya tashi daga gidan. Yanzu duk Asabar da hantsi Yaya yana dafa shayinsa ya zuba a filas, ya ɗauki finjali biyu ya tafi gareji. Wurin da a da ko kusa da ganyensa ba zai yarda a ambata ba. Yana zama cikin warin fetur da hayaƙi, ya zuba biyu, ya sha ɗaya, ya jira har ɗayan ya huce. Auta yana gaishe shi da ladabi ya koma ƙarƙashin mota. Na ce wa Yaya yaushe zai gaji, ya ce ba shi da ranar gajiya.

Har yau Auta bai taɓa finjalin ba. Amma Asabar ɗin da ta wuce ina wurin, na ga ya hango Yaya tafe daga bakin titi. Ya ajiye sifana, ya ɗauko tsumma mai tsabta, ya goge masa benci.